Dajin Kan Teburi

Kyaftin Tasi'u ya shimfiɗa taswirar a kan tabarmar zaure, ya danne gefe ɗaya da wayarsa, ɗaya gefen da makullin mota. Sannan ya miƙa wa Malam Uzairu biro.

"Ko kusa-kusa ne, Malam. Nuna min inda suka ajiye ku."

Uzairu ya karɓi biron ya duƙa. Takardar koriya ce, cike da layuka masu lanƙwasa, ga sunan Doguwa can a gefe da ƙananan baƙaƙe. Shekara tara yana koyar da zane a sakandaren garin, ya san ma'anar kowane layi. Amma ya rasa abin da ya haɗa wannan takarda da wurin da ya yi kwana arba'in da shida da mari a ƙafa.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Daga titi gabas kuka yi ko yamma?"

"An ɗaure mana ido."

"Da aka kwance fa, me ka gani?"

"Akwai dutse." Ya sake duban takardar. "Akwai rafi."

Kyaftin ya shafa fuska da tafin hannu. "Malam, dajin nan kaf dutse ne da rafi."

Kwana takwas ke nan da sako Uzairu. Masu barka sun zo sun tafi, ya amsa wa kowa yadda ya kamata. In an ajiye masa abinci ya ci, in an manta bai tambaya ba. Kullum da safe matarsa Rumaisa takan gasa masa sawun marin da ruwan ɗumi da gishiri, shi kuwa ya zuba ido kamar ƙafar wani ake wankewa.

Su biyu aka kama, shi da Isa, abokinsa tun firamare, kuma mijin ƙanwarsa Ummulkhairi. Sun je Tudun Wada a babur ɗin Isa karɓo kwalin fenti da wani direba ya taho musu da shi daga Kano. A hanyar dawowa, bayan la'asar, mutane da bindigogi suka fito musu a wata kwana. Babur ɗin ya faɗi ya danne wa Isa ƙafa.

Ranar da Uzairu ya dawo, ƙofar gida ta cika maƙil. Ummulkhairi ta ratso mutane, mayafinta na jan ƙasa, ta dube shi, ta dubi bayansa.

"Yaya, ina Isa?"

"Yana can," in ji shi.

Jama'a suka ɗauka da addu'ar Allah ya fito da shi lafiya. Wani dattijo ya kama hannun Uzairu ya zaunar da shi, aka kawo ruwa. Kafin magariba maganar ta gama gari, cewa Isa yana hannunsu har yanzu. Isa kuwa ya rasu tun a kwana na goma sha tara, kuma Uzairu ne ya rufe masa ido.

Bai shirya ɓoyewa ba. Kullum da hantsi Ummulkhairi takan zo ta zauna a bakin tabarmarsa ta yi tambaya, ya ba ta amsar da babu ƙarya a cikinta. Suna ba da abinci? Sau ɗaya a rana. Ƙafar fa? Ta kumbura. Sai ya zauna yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa ya turo sauran maganar waje. Babu abin da yake motsawa. Ta gaji da zama ta yi masa sallama, gobe ta dawo.

Kyaftin ya naɗe taswirarsa, amma bai tashi ba.

"Shugaban makarantarku ya ce min kana gina duwatsu da garuruwa a kan teburi. Zan iya gani?"

Ɗakin yana jikin zaure, tun tafiyarsu ba a buɗe shi ba. Teburi ne mai faɗin gado ya cinye tsakiyarsa, an yi masa tuddai da kwari, da ganuwar wani gari na kwali. A kansa ƙananan mayaƙa sun fi ɗari, kowanne bai wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba, a tsaye kan marfin kwalba. Masu jajayen riguna na Isa ne, masu shuɗi na Uzairu. Wasu sojojin roba ne na yara da suka sayo a Kano suka yanke suka sake wa siffa, wasu kuwa Uzairu ne ya ƙera da waya da gam. Ba sa yi musu fuska, tun da wani malami ya ja musu kunne. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sukan rufe ƙofa su ja daga, su auna tafiyar kowace runduna da tef ɗin tela, ƙwayar ludo ta yanke wanda ya faɗi da wanda ya tsira. Dokokin wasan Isa ne ya rubuta su a littafin makaranta, yana ƙari yana gogewa shekara shida.

Kyaftin ya ɗauki mahayi ɗaya ya kai shi kusa da ido, yana duban linzamin da aka zana siriri kamar gashi.

"Mu ma haka muke yi kafin mu fita aiki. Sai dai namu yashi ne da tsakuwa a ƙasa." Ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka. "Malam, gina min wurin. Duk abin da idonka ya gani. Akwai mafarautan da suka san dajin nan ciki da bai, in sun ga siffar dutsen za su gane shi. Zan dawo ranar Asabar."

"To," in ji Uzairu.

Washegari da safe ya kwashe mayaƙan duka ya zuba a kwali, ja da shuɗi a haɗe. Wasan da ke kan teburin ba su gama shi ba, dawakin Isa sun kusa ƙofar garin. Ya lura da haka, ya ci gaba da kwashewa. Ya ɓamɓare ganuwar, ya kankare tsohon gam da wuƙa har katakon ya fito fes.

Da dutsen ya fara. Ya ɗauko farin soso mai tauri, irin wanda ake samu a kwalin talabijin, ya kama yanka da reza. Bai tsaya tunani ba. Hannun ne ya san cewa dutsen yana da kai biyu da rami a tsakani, ɓangaren gabas a miƙe, na yamma a kwance. Ya shafe shi da gam ya barbaɗa yashi. Da ya bushe ya bi shi da baƙin fenti, sannan ruwan toka, sannan ya tsoma busasshen burushi a fari ya goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, ya riƙa shafa bakin dutsen sama-sama. Tsagogin suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Daga gindin itacen da ake ɗaure su zuwa rafi taku sittin ne, ya taka shi da mari sau biyu kullum. Ya mayar da taku biyar inci ɗaya, ya auna da tef. Bukkoki uku ya yi da tsinken tsintsiya. Itatuwa kuwa waya ya murɗa, ya manna musu yagaggen soson katifa da ya rina kore. Damina ce, don haka ya cakuɗa garin katako da fenti ya baza ciyawa ko'ina, ya bar hanyoyin da ƙafa ta tattake.

Rumaisa ta leƙo da kwano. "Malam, tuwon rana ma ga shi can ba ka taɓa ba."

"Ajiye nan."

Ta ajiye, ta tsaya tana kallon teburin. "Nan ne?"

"Nan ne."

Ta daɗe a tsaye. Da za ta fita ta ce, "Gara wannan da zaman tabarma," ta ja masa ƙofar a hankali.

Ranar Alhamis ya yi masu bindigar. Daga dakarun Isa ya zaɓo goma sha ɗaya, ya jiƙa su a kananzir, ya goge jan da tsohon burushin haƙori. Ya yanke masun da ke hannunsu ya manna guntun waya. Akwai mai rigar ƙwallo ruwan ɗorawa, akwai mai takalmin roba na shiga ruwa, akwai dogon da ba ya rabuwa da rawani, wanda ya taɓa dukan Uzairu da gindin bindiga don ya yi tari. Ya ɓata fiye da sa'a guda a kan rawanin nan, yana sa inuwa a cikin naɗin, yana haskaka samansa. Da ya gama ya ɗaga shi wajen taga ya duba. Ya yi kyau. Ya shafa gam a marfin kwalba, ya tsayar da shi, ya tsoma a yashi, ya ɗora shi a kan dutsen inda ya saba zama da babbar bindiga.

Waɗanda aka kama sai da ya gasa ƙafafunsu a kyandir ya lanƙwasa, don a zaune suke wuni. Ya yi wasu mata biyu 'yan gida ɗaya da suka tarar a can, ya yi wani direban mota, ya yi Baffa Ja'e, tsohon makiyayin da aka kamo daga wajen Kiru tare da shanunsa. Ya jera su shida a gindin itace.

Ranar Juma'a bayan masallaci yana aikin bayan dutsen, wajen wani marke da ke tsaye shi kaɗai. Ya kwaɓa jar ƙasa da gam yana lailaye wurin. Can ya ɗago hannu, sai ya ga yatsunsa sun tara ƙasar sun yi ɗan tudu mai tsawo, bai fi ƙwallon dabino ba, ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Har ya karya tsinke ƙanana ya jera a kai, yadda suka jera ƙaya don namun daji.

Shi da Baffa Ja'e suka haƙa, da guntuwar fartanya da kwanon cin abinci. Ƙasar tana da laushi saboda ruwan da aka yi. Ya tuna nauyin Isa a hannunsa, ya tuna bai kai nauyin da ya zata ba. Duk ya tuna, dalla-dalla, kamar darasin da ya koyar sau da yawa.

Ya ɗauki wuƙa zai kankare tudun. Ladan ya kira la'asar. Ya ajiye wuƙar ya fita alwala. Da ya dawo gam ɗin ya kama, sai ya bar shi.

Asabar da hantsi Kyaftin ya iso tare da wani tsohon mafarauci mai suna Mudi. Ummulkhairi ma ta ji labari ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa rungume da ƙullin kaya.

"Ranka ya daɗe, riga ce da wando, da maganin ciwo da na karɓo a kemis," ta ce. "In Allah ya sa kun same shi."

"Ajiye tukuna, Hajiya," in ji Kyaftin.

Mudi ya zagaya teburin sau ɗaya, hannuwansa a baya. Ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da katakon, ya kalli dutsen ta gefen rafi.

"Turmi ne," ya ce. "Haka muke ce masa, saboda ramin nan na tsakiya. Na kwana a cikinsa ya fi a ƙirga. Malam, har tsagar da ruwa ke bi ka sa."

Fuskar Kyaftin ta saki. Ya ɗauki hotuna da waya ta kowane gefe, ya tambayi ma'auni, Uzairu ya faɗa masa. Ya jawo kwalin da ke ƙarƙashin teburi ya tsinto shuɗɗan sojoji, ya fara jera su, wasu ta cikin rafi, wasu ta bayan dutse. Yana yi yana tambaya, Uzairu yana amsawa. Wa ke gadi da rana? Ina suke ajiye babura? Wannan na kan dutsen yana sauka? Ba ya sauka sai cin abinci.

Kyaftin ya ƙirga na zaune da yatsa. "Ka ce ku takwas ne. Kai ka fito, saura bakwai. Ga shida." Ya nuna bukkar da ke can gefe. "Isa yana ciki ke nan, saboda ƙafar?"

Uzairu ya zuba wa bukkar ido. Kyaftin ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

"To shi ne matsalar. Ba zai iya gudu ba, in aka fara harbi kuma shi za su fara tunawa." Ya ware sojoji huɗu ya ajiye su a bakin fili. "Waɗannan za su ratsa nan su ɗauko shi kafin komai. Babu mafaka, na gani. Amma babu wata hanya."

Uzairu ya dubi filin. Bai buƙaci tef ba, inci tara ne, kuma mai rawani yana sama yana kallon duk faɗinsa. Shekara shida yana tura mutane irin wannan fili, ya san abin da littafin Isa ya ce: cikin huɗu, biyu ba sa kaiwa.

"Yaran nan suna da iyali?" ya ce.

Kyaftin ya dube shi. "Uku suna da shi."

"Kada ka tura su ta nan, ranka ya daɗe."

"Saboda me?"

"Babu kowa a bukkar."

"To ina yake?"

Hannun Uzairu yana kan bakin teburi. Uzairu ya dubi hannun nasa yana jira ya ga ko zai ɗaga ya nuna. Bai ɗaga ba.

Ba wanda ya lura lokacin da Ummulkhairi ta shigo. Tana tsaye ta bayan dutsen, inda mazan ba su zagaya ba tun da Kyaftin ya fara jera sojoji, ƙullin yana ƙirjinta.

"Yaya," ta ce, "wannan na gindin itacen mene ne?"

Mudi ya leƙa. Ya ga tudun, ya ga ƙayar da aka jera a kai. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Kyaftin ya daɗe yana kallon Uzairu. Sannan ya sa hannu ya kwashe sojojin nan huɗu daga bakin filin ya riƙe su a tafinsa. Ya taɓa kafaɗar Mudi, suka fita zaure.

Ummulkhairi ta ajiye ƙullin a kan kujera. Ba ta yi kuka ba. Idonta yana kan tudun, muryarta kamar mai tambayar hanya.

"An yi masa wanka?"

"Ni na yi masa. Da ruwan rafin nan."

"Likkafani fa?"

"Mayafin Baffa Ja'e. Wannan tsohon na zaune."

"An yi masa salla?"

"Baffa ya ja, na bi. Sai ɗaya daga cikinsu ya jingine bindiga ya shigo sahu." Ya nuna mai rigar ƙwallon. "Wannan."

Ta kalli ɗan mutumin mai riga ruwan ɗorawa, ta kau da kai.

"Ya bar saƙo?"

Uzairu ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri, kuma ya san za ta riƙe shi har ƙarshen ranta. "Ruwa ya nema," ya ce. "Na ba shi. Zazzaɓin ya yi yawa, bai san inda yake ba."

Ta gyaɗa kai. "Yaushe?"

"Ranar Talata. Kwana goma sha tara da kama mu."

Ta shiga lissafi da yatsu, leɓɓanta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta sake farawa daga farko.

"Gobe arba'in ke nan," ta ce. "Ina ta kitso, ina ta lalle, wai kada ya dawo ya same ni a hargitse." Ta dubi tafin hannunta. "Me ya sa ba ka faɗa min ba, Yaya?"

Ya nemi amsar da gaske. Ya duba inda ya kamata a ce akwai tsoro, ko kunya, ko tausayinta, ya tarar da wurin fayau.

"Ban sani ba," ya ce.

Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya sannan ɗaya, ta ƙulle su a bakin mayafi. Ta kwance ƙullin, ta zare ledar maganin, ta leƙa zaure ta miƙa wa Kyaftin. "A kai wa waɗanda ke can," ta ce. Ya karɓa da hannu biyu. Rigar da wandon ta mayar ta ɗaure.

"Tashi ka wanke hannunka. Inna Balaraba ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji mutuwar ɗanta ba. Kai ka binne shi, kai za ka faɗa mata."

Ya wanke hannu a buta. Jar ƙasar da ke ƙarƙashin faratansa ta ƙi fita, ya bar ta. Ya sa hula, ya zura takalmi, suka fito.

Gidan mahaifiyar Isa yana bayan masallacin unguwa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Ummulkhairi tana gaba, shi yana baya yana ɗan ɗingishi. An yi ruwa da asuba, lungun duk taɓo, suka riƙa bin gefen katanga. Tun daga nesa suke jin daka daga cikin gidan, taɓarya ɗaya, a hankali, irin dakan tsohuwa.

A bakin ƙofa Ummulkhairi ta matsa gefe ta ba shi hanya. Uzairu ya tsaya, ya gyara hularsa.

"Salamu alaikum," ya ce.

Dakan ya tsaya.